Yadda ake saƙa darduma da tsofaffin tufafi da ƙyallayen gida

Zanen gado yakan mutu ne ta tsakiya, inda jiki ke gogarsa, gefunansa kuwa su rage da ƙarfinsu. Haka ma labule, rana takan cinye ɓangaren da ke fuskantar taga ta bar saura. Irin wannan ragowar ake yankawa ziri-ziri a saƙa darduma da ita, wadda za a shimfiɗa a gefen gado ko a bakin ƙofar ɗaki, kuma idan an yi ta da kyau takan yi shekaru ana takawa ana wankewa. Saƙar kanta ba ta da wani sirri: ana ɗaura zare mai ƙarfi a tsaye a jikin firam na katako, sannan a riƙa ratsa zirin ƙyalle a kwance, ya hau kan zare ɗaya ya bi ta ƙarƙashin na gaba, layi bisa layi har a kai ƙarshe. Inda mai koyo ya fi samun cikas wuri biyu ne, wato daidaita kaurin ziri tun kafin a fara, da kuma gane cewa ba a jan ziri a kwance. Sassauta masa ake yi, sannan a danne shi sosai zuwa ƙasa. Awon da zan bi a nan na darduma ce mai faɗin kusan santimita 60 da tsawon santimita 80 da ɗoriya, domin ita ce daidai hannun wanda bai taɓa yi ba.

Kayan da za a tanada

Firam na buƙatar katako huɗu masu faɗin santimita 5 da kaurin santimita 2 ko fiye: biyu masu tsawon santimita 120 na gefe, biyu masu tsawon santimita 75 na sama da ƙasa. Za a nemi ƙusoshi 61 masu ƙaramin kai, tsawon kowace kamar santimita 4, da wasu ƴan manya ko sukuru na haɗa kusurwa, da guduma, da tef na awo, da fensir.

Zaren tsaye shi ne ƙashin bayan darduma, kuma shi kaɗai ne abin da nake ganin ya cancanci a saya sabo. A zaɓi zaren auduga mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2 wanda aka murɗa sosai, a tanadi mita 90. Gwajinsa a naɗe shi a hannu biyu a finciko. Idan ya tsinke, ba zai jure takawa ba. Zaren ulu na saƙa rigar sanyi bai dace ba saboda yana miƙewa, shi kuma zaren nailan mai santsi ƙullinsa yakan kwance da kansa.

Ƙyalle kuwa a tanadi kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wanda galibi manyan zannuwan gado biyu da ƴan riguna kan cike shi. Sauran kayan ƙanana ne: almakashi mai kaifi, da basilla, da allura da zaren ɗinki, da mataji mai manyan haƙora ko cokali mai yatsu na danna saƙa, da siririn katako mai faɗi irin na rula wanda tsawonsa ya kai santimita 70 domin buɗa hanya, da guntun katako mai ɗan tsagi a kowane kai wanda za a naɗe ziri a jikinsa ya zama ƙoshiya, da kwali mai tauri. Idan ana iya samun siraran rodi biyu masu santsi, masu kaurin milimita 6 da tsawon firam ɗin, a haɗa da su, don suna taimakawa ƙwarai wajen miƙar da gefe.

1. Zaɓen ƙyalle da wanke shi

Ba kowane tsumma ke shiga darduma ba. A kama ƙyallen da hannu biyu a ja. Wanda ya yage ba tare da wani ƙarfi ba ya riga ya ruɓe, kuma idan aka saƙa shi zai zama ƙura cikin ƴan watanni ya bar zaren tsaye a fili. A cire maɓallai da zik da aljihu da kwala da duk wani kalmasa mai kauri, a kuma yanke wuraren da mai ko fenti ya ɓata.

Daga nan a raba kayan kashi biyu, masu miƙewa irin su singileti da rigar tishat, da marasa miƙewa irin su zanen gado da labule da wandon jins. Kada a haɗa su a darduma ɗaya a aikin farko. Mai miƙewa yakan koma ya tsuke bayan an cire saƙa daga firam, ɗayan kuma ya tsaya yadda yake, sai gefen darduma ya riƙa shiga yana fita. Auduga marar miƙewa ta fi sauƙin sarrafawa ga mai koyo. Ƙyallen roba mai sulɓi yana zamewa a jikin zare, kuma yana narkewa idan tartsatsin wuta ya taɓa shi, don haka bai dace da dardumar da za a ajiye kusa da murhu ba.

A wanke komai a shanya tun kafin a yanka, domin duk ƙyallen da zai ƙanƙance ya gama ƙanƙancewarsa yanzu. Mai launi mai duhu, musamman ja da shuɗi, a gwada shi ta hanyar goga masa jiƙaƙƙen farin ƙyalle. Idan ya zuba, a sake wanke shi shi kaɗai har ruwan ya fito garau, ko kuma a ajiye shi don dardumar da babu fari a cikinta.

2. Yanka ziri

Wannan mataki ya fi kowane cin lokaci, kuma shi ne mutane suka fi yi wa gaggawa. Abin da ake nema shi ne duk zirin da zai shiga darduma ya zama kaurinsa ɗaya bayan an danne shi, ba faɗinsa ba. Saboda haka ƙyalle fale-fale ana yanka shi da faɗi, mai kauri kuma a yanka shi siriri: zanen gado santimita 3 zuwa 4, rigar tishat santimita 2.5 zuwa 3, wandon jins ko labule mai nauyi santimita 1.5 zuwa 2. Kafin a yanke duka, a yanki ziri ɗaya daga kowane iri a murɗa shi tsakanin yatsu; idan ya kai kaurin fensir ya yi daidai, idan ya gaza a ƙara faɗi, idan ya zarce a rage. Wanda ya tsallake wannan gwaji zai ga dardumarsa ta yi tudu a wani wuri ta yi kwari a wani, kuma babu dannawar da za ta gyara hakan daga baya.

Zanen auduga ana iya tsaga bakinsa da almakashi a keta shi da hannu, wanda ya fi sauri kuma yakan bi layin saƙarsa ya fito a miƙe. Illarsa ita ce zarurruka kan zazzago a gefe, sai an bi an cire su, sannan yana tayar da ƙura, don haka a yi shi a waje tare da rufe hanci. Jins da duk mai miƙewa sai da almakashi. Domin rage yawan haɗi, idan an yanka zane har kusa da ƙarshe a tsaya saura santimita 2, a juyo a fara ziri na gaba daga wannan ɓangaren, a ci gaba da kai da komo har zanen ya zama dogon ziri ɗaya. Ƴan kusurwoyin da suka fito a wurin juyawa a aske su da almakashi. Rigar tishat kuma a yanke ta daga ƙarƙashin hamata, a bi gangar jikin ana zagayawa, sannan a ja zirin kaɗan, zai naɗe kansa ya zama kamar igiya.

A dunƙule kowane launi daban. A nan ne kuma ya kamata a tsara zane, a jera dunƙulen a ƙasa yadda ake son launuka su bi juna. Idan ana son kawunan darduma biyu su yi kama, a raba kowane launi gida biyu tun yanzu, don kada ya ƙare a rabin farko.

3. Haɗa firam

A ɗora gajerun katakan a kan dogayen, a buga ƙusa biyu a kowace kusurwa yadda tazarar tsakiyar katakon sama da ta ƙasa za ta zama santimita 110. Kafin a buga ƙusa ta biyu, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta a karkace, sannan a auna ɗaya ɓangaren. Sai awon biyu ya zo ɗaya firam ya daidaita. A katakon ƙasa a yi alama 31, tazarar santimita 2 tsakanin kowace. A na sama a yi 30, kowace ta faɗo a tsakiyar biyun da ke ƙasa. A buga ƙusoshin a bar rabinsu a waje, a ɗan karkatar da su zuwa wajen firam don kada zare ya suɓuce. Ƙusoshi da yawa a layi ɗaya kan tsaga katako, saboda haka a riƙa saɓa su, ɗaya ta ɗan hau ɗaya ta ɗan sauka.

4. Ɗaura zaren tsaye

A ƙulla zare a ƙusa ta farko ta ƙasa, a haura da shi a zagaya ta farko ta sama, a sauko a zagaya ta biyu ta ƙasa, haka har a ƙare a ƙusa ta 31 ta ƙasa. Wannan zai ba da sili 60, tazarar kusan santimita ɗaya tsakaninsu. Kada a ƙulla ƙarshen tukuna. A koma farko a bi sili ɗaya bayan ɗaya ana janye sakin da ke ciki zuwa ƙarshe, sannan a shafa tafin hannu a kan zaren baki ɗaya a ji ko akwai wanda ya fi ƴan uwansa sako-sako, idan duk sun daidaita sai a ƙulla ƙarshen. Ana so ya ɗame amma ba har katako ya lanƙwasa ba, domin saƙa na tafiya zaren na ƙara ɗamewa, tunda yana hawa yana sauka a jikin ziri. Idan akwai rodi, a ɗaure ɗaya a kowane gefe daf da silin ƙarshe, a riƙa ɗaukarsu tare tamkar sili ɗaya ne.

5. Kafa tushe

A yanki kwali mai faɗin santimita 12, a ratsa shi cikin zaren, sili ɗaya sama ɗaya ƙasa, a tura shi har jikin ƙusoshin ƙasa. Amfaninsa biyu ne, yana ba saƙa miƙaƙƙen wurin tsayawa, yana kuma ajiye zaren da za a yi ƙulli da shi a ƙarshe. A kansa a saƙa layi shida zuwa takwas da zaren tsaye ɗin kansa, an ninka shi biyu, ana dannawa sosai. Wannan tushen ne ke hana ziri zamewa idan an yanke saƙa daga firam, kuma shi ne ke raba silin da ke fitowa bibbiyu daga ƙusa su daidaita tazararsu.

6. Saƙa

A ratsa siririn katakon nan cikin zaren, sili ɗaya sama ɗaya ƙasa, a bar shi a can sama. Duk lokacin da aka tayar da shi a kan gefensa zai buɗe hanya ɗaya, ƙoshiya ta wuce a tashi guda. Layin dawowa kuwa da yatsu ake ɗaga silin da suke ƙasa, kaɗan-kaɗan, ana tura ƙoshiya. Kada a naɗa mata fiye da mita 3, don idan ta yi ƙiba ba za ta ratsa ba. Wutsiyar zirin farko a bar mata santimita 6, a zagayo da ita bayan silin gefe a mayar cikin layin, na gaba ya danne ta.

Idan ziri ya ratsa, kada a ja shi ya miƙe. A riƙe shi da yatsa biyu a gefen da ya juyo don ya rungumi silin ƙarshe ba tare da ya janyo shi ciki ba, sannan a bar sauran ya yi lanƙwasa, tsakiyarsa ta ɗaga kamar santimita 5 sama da layin baya. A fara dannawa da mataji daga tsakiya, a bi zuwa dama, a bi zuwa hagu. Dalili shi ne, hanyar da ziri ke bi tsakanin sili 60, yana hawa yana sauka, ta fi faɗin darduma tsawo. Idan ba a ba shi wannan rarar ba, zai ƙwace ta daga gefe, darduma ta riƙa tsukewa layi bayan layi har ta yi ƙugu a tsakiya. Mai koyo ba ya lura da haka sai ya yi nisa, shi ya sa nake ba da shawarar a auna faɗi bayan kowane santimita 10. Idan ya ragu da fiye da santimita ɗaya, a warware zuwa inda ya fara raguwa, domin ja da hannu ba ya mayar da shi. Idan kuma aka ga ziri yana tsiro ƴan kunnuwa a saman saƙa ko a gefe, rarar ta yi yawa, a rage lanƙwasar. Wanda bai samu rodi ba yana iya ɗaure gefen saƙar da guntun zare zuwa jikin katakon gefe bayan kowane santimita 10, ya kwance su a ƙarshe.

Dannawa kuwa a yi ta da ƙarfi. A gwada cusa yatsa tsakanin layi biyu; idan ya shiga cikin sauƙi, darduma za ta yi lakaf, datti ya riƙa shigewa cikinta, kuma ziri ya riƙa yawo a jikin zare duk lokacin da aka taka. Bayan kowane layi huɗu ko biyar a sake bin su gaba ɗaya da mataji.

7. Haɗa ziri da sauya launi

Hanyar da ta fi tsafta ita ce a fere wutsiyar tsohon ziri da kan sabon a karkace, a ɗora su kan juna tsawon santimita 6 cikin hanya ɗaya, a danne. Matsin saƙa ya isa ya riƙe su. Mai son ƙarin tabbaci yana iya yi musu ƴan ɗinki uku ko huɗu da allura. Akwai kuma haɗin tsagi, inda ake yin tsagi na santimita 1.5 a kan kowane ziri, a zura sabon ta cikin tsagin tsohon, sannan a zura wutsiyar sabon ta cikin nasa tsagin a ja. Yana da sauri, sai dai yakan bar ɗan ƙulu da ƙafa ke ji, don haka ya fi dacewa da ƙyalle fale-fale. Ƙulli irin na igiya bai kamata ya shiga darduma ba ko kaɗan. Kowace hanya aka bi, kada haɗi ya faɗo a bakin gefe, inda ya fi shan guga, kuma kada a jera haɗi a wuri ɗaya layi bayan layi.

8. Rufewa da cirewa

Idan saura santimita 14 a kai ƙusoshin sama, a tsayar da ziri, a ɓoye wutsiyarsa kamar yadda aka yi a farko, a saƙa layi shida zuwa takwas na zare daidai da na tushe. A wannan gaɓar wurin ya matse, sai a cire katakon buɗa hanya a ƙarasa da basilla. A zare rodi, a zare kwali.

Kada a yanke zaren duka a lokaci ɗaya. A kwantar da firam a ƙasa, a ɗora wani abu mai nauyi a kan saƙar, a yanke sili huɗu daf da ƙusa, a haɗa su a yi ƙulli ɗaya a tura shi har ya manne da tushe, sannan a wuce zuwa huɗu na gaba. Kowane kai zai samu ƙulli 15. A fara da na gefe biyu da na tsakiya domin bakin ya tsaya a miƙe. Bayan an gama a daidaita gezar da almakashi, a bar mata santimita 5 ko 6. Geza ita ce ke fara lalacewa a darduma, saboda haka wadda za a sa a bakin ƙofa gara a datse gezarta gajere a rufe bakin da ƙyalle mai ƙarfi mai faɗin santimita 8, a kalmashe shi a ɗinke ta sama da ta ƙasa.

A shimfiɗa dardumar a wuri mai lebur ta kwana. Za ta ɗan ragu a tsawo saboda zare ya huta daga ɗamewa, wannan ba aibi ba ne. Idan wata kusurwa ta ɗaga, a yayyafa mata ruwa a ɗora nauyi har ta bushe. A kan tayil ko siminti mai santsi dole a sa mata shimfiɗar roba a ƙarƙashi, musamman a gidan da akwai tsofaffi ko yara, don irin wannan darduma ba ta da nauyin da zai hana ta zamewa. Wankinta da ruwan sanyi ne da sabulu kaɗan, ba a murɗe ta, kuma a kwance ake shanya ta a inuwa, domin idan aka rataye ta a jiƙe nauyin ruwa zai ja ta ta karkace.

Idan wani abu ya rasa

Wanda ba shi da katako yana iya amfani da tsohon firam na taga ko na babban hoto, ya naɗe zare a jikinsa kai tsaye ba tare da ƙusa ba, ya riƙe tazarar da ɗan tsagi a jikin katakon. Tebur ma idan aka kifar da shi aka ɗaure sanduna biyu masu ƙarfi a tsakanin ƙafafunsa ya zama masaƙa. Idan zaren tsaye ne babu, a keta zane mai ƙarfi ziri-ziri na santimita 2 a ɗaura a madadinsa, amma a buɗa tazarar ƙusoshi zuwa santimita 3 ko 4, kuma a san cewa darduma za ta fi kauri, launin zirin tsayen kuma zai bayyana a cikin zanen. Kwali mai tauri da aka tsattsaga bakinsa yana isa a saƙa ɗan ƙarami mai faɗin santimita 20, wanda ya dace a gwada kaurin ziri da haɗin launuka kafin a taɓa babban aiki.

Idan babu firam kowane iri, akwai hanyar kitso. A ɗinke kawunan ziri uku masu faɗin santimita 5, a maƙale su a jikin ƙusa ko hannun ƙofa, a yi ta kitsawa ana ƙara ziri, tare da lura kada ukun su ƙare a wuri ɗaya. Sai a kwantar da kitson a kan tebur a riƙa naɗe shi yana zagaya kansa, ana haɗa zagaye da zagaye da basilla da zare mai ƙarfi ta cikin madaukan kitson, ba ta huda ƙyallen ba. Idan doguwa ake so ba da'ira ba, a fara da miƙaƙƙen kitso wanda tsawonsa ya kai bambancin tsawon darduma da faɗinta, misali santimita 30 ga mai 90 da 60. A kowace kwana a riƙa tsallake madauki ɗaya na sabon zagayen jefi-jefi domin a ba shi rara, kuma a yi haɗin a kan tebur ba a kan cinya ba, don da zarar gefe ya fara ɗagawa a gani a warware ƴan ɗinkin baya a sassauta.